Ƙararrawar da Ba a Ɗorawa a Sikeli

Daren Litinin, an idar da sallar isha ke nan, muna tsakar gida muna cin tuwo, aka ji ƙarar.

Ba irin ta kwano ba ce idan ya faɗi, ba kuma ta murfin tukunya ba. Wani sauti ne siriri mai nauyi, ya fito daga sitonmu na hatsi, ya ratsa tsakar gida a hankali kamar baƙon da ke neman ƙofa, sannan ya haura katanga. Ya daɗe bai mutu ba. Awakin Inna suka daina tuƙa. Baba da ke karatu a zaure ya yi shiru a tsakiyar aya, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun da na yi wayo.

Sai ta sake. Tinnnn.

"A'uzubillahi," in ji Gwaggo Indo, ta tsame hannunta daga kwano. "Wannan kuma daga ina? Yau dai ba Lahadi ba."

Duk gidan ni kaɗai na san ko mene ne.

Masu karatu, assalamu alaikum. Ku da kuka daɗe kuna bina, ku yi haƙuri in ɗan koma baya saboda sababbin zuwa, don abin da zan faɗa yau ba na so wani ya ce bai gane ba ya sa na tsira. Sunana Mu'minatu, 'yar Malam Abdulbaƙi mai makarantar Islamiyya a Yalwawa, nan cikin Dutse. Mu huɗu muka rage a gida: Baba, Inna, Gwaggo Indo yayar Baba da ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, sai ni auta. Mai nemana sunansa Falalu. Ɗan Jahun ne, amma a Legas yake aiki.

Aikin nasa kuwa shi ne abin da bakina ya kasa ɗauka.

Idan jirgin ruwa ya tsufa, ya gama yawonsa na duniya, sai a ja shi wani lungun ruwa a ɗaure shi kamar tsohuwar saniya. Su Falalu ne ke shiga cikin cikinsa, can ƙasa inda babu rana, su kwance injin. Ni ruwan da ya fi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Warwade, don haka da ya ce mini injin ɗaya ya fi gidanmu tsawo, dariya na yi. Sai da ya turo hoto. Ga shi nan ɗan ƙarami a gindin wani dutsen ƙarfe, yana rungume da sifana mai tsawon ƙafar mutum, ba abin da ke fari a jikinsa sai haƙora.

Saƙon muryarsa kuwa, wallahi ba na gajiya da shi.

"Mumi, yau na shiga cikin silinda ɗaya, wato tukunyar injin, na tsaya, kaina bai leƙo ba. Na kira sunanki a ciki. Sai da ya zagaya ya dawo mini, kamar ke ce kika amsa."

Wata rana kuma: "Mun buɗe bututun da injin ke shan ruwa, mun tarar da ƙaguwa da iyalanta. Allah kaɗai ya san ƙasashe nawa suka je ba fasfo. Na kwashe su a hular kwanona na mayar da su ruwa. Oga ya ce in sun biya ni kuɗin mota in ba shi kasonsa."

Irin waɗannan nake saurare in na lulluɓa, in yi ta murmushi ni kaɗai, ina jin ƙamshin gishirin da ban taɓa shaƙa ba. Amma da gari ya waye sai in tuna ƙarshen labarin. Bayan an kwance, ana ware tagulla gefe, jan ƙarfe gefe, baƙin ƙarfe gefe, a ɗora a sikeli, a loda wa masu narkarwa su yi rodi. A taƙaice dai, gwangwan. Irin na masu tura baro a layinmu suna kiran a fito da tsofaffin ƙarafa.

Gwaggo Indo kuwa ba ta da maƙiyi a duniya kamar ɗan gwangwan. Tun ranar da ta shanya dutsen gugar marigayi mijinta a ƙofar gida, ta shiga ɗauko tsintsiya, ta fito ba ta gan shi ba, ta yanke musu hukunci gaba ɗayansu, na raye da waɗanda ba a haifa ba. In ta ji ƙarar baro a layi har mayafinta ke faɗuwa wurin kora.

Shi ya sa ranar da Inna ta tambaye ni sana'ar yaron, na sunkuyar da kai na ce, "A wajen jiragen ruwa yake aiki, a Legas."

"Kwastan ke nan," in ji Gwaggo.

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba. Kafin wata ya zagayo, Gwaggo ta ɗinka masa fararen kaya da bakinta, ta sa masa hula mai baki, ta kai shi gidan suna uku. Ni kuwa ina ji ina yankan alayyafo.

Ranar da zai fara gaida Baba, ga saƙon da na tura masa, har yanzu yana cikin wayata, na kasa goge shi: "Ka sa babbar riga. In ka durƙusa ka bar hannuwanka a ciki." Don baƙin man inji ya shiga tsagar fatarsa da ƙarƙashin faratansa, ba sabulun da ke fitar da shi. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe abin da ya zo shi ne, "To."

Makon jiya ya zo hutu. Ya zo zance da yamma cikin shadda ruwan toka, yana ƙamshin turaren da na san ba ya sawa sai don ni. Muna zaune a dakalin ƙofar gida, ya ɗauko wani ƙunshi daga cikin buhu, an naɗe shi da sabuwar atamfa, ya ɗora mini a cinya. Nauyinsa ya kusa kayar da ni.

"Dutse ka kawo wa 'yar Dutse?"

"Buɗe dai, sarauniyar tsiwa."

Na buɗe. Wata ƙararrawa ce ta tagulla, girmanta kamar ƙwaryar fura, ya goge ta tana ɗaukar ido. A gefenta akwai ɗan hannu da ake dannawa, wata 'yar guduma ta ciki ta buga.

"Ta ɗakin inji ce," ya ce, ya yi ƙasa da murya kamar mai faɗin sunan wani babba. "Mai tuƙi yana can sama, masu inji suna can ƙasa, ba sa ganin juna. In yana so a tafi ko a tsaya, sai ya ja igiya daga sama, wannan ta buga a ƙasa. Na ƙasa ya ji, ya amsa. Shekara da shekaru haka suke magana a tsakiyar teku."

"To ni me zan yi da ita?"

"A ƙungiyarmu komai na jirgi ana ɗora shi a sikeli, har ƙusa. Ban da wannan. Ba a auna ta, ba a sayarwa. Wanda ya kusa aure a cikinmu shi ake bai wa, ya kai wa wadda zai aura. Mu biyu muka neme ta. Ni na kwance notin ƙarshe na injin, Oga ya ce tawa ce." Ya yi dariya. "Daga Legas har Kano a cinyata ta zauna. Na cusa mata tsumma don kada ta tashi fasinjoji."

Idonsa yana kaina yana jira. Ni kuwa abin da ke raina shi ne, ƙawayena waya ake kawo musu, da agogo, da takalmi. In na shiga da wannan, tambayar farko ita ce a ina ya samo, ta biyu kuma ba sai an yi ta ba.

Na ce, "Na gode. Tana da kyau."

Da ya tafi na lallaɓa ta bayan Inna na shige sito. Akwai wata tsohuwar randa da ta tsage, ba a zuba mata ruwa. Na cire tsumman don in ga cikinta sau ɗaya, na ji motsi, na yi sauri na zura ta a randar da atamfarta, na fito ina karkaɗe zani.

To mu dawo daren Litinin.

Baba ya shigo da tocila. Inna na bayansa, Gwaggo na bayan Inna riƙe da muciya, ni ce ta ƙarshe. Ya haska buhunan gero, ya haska rufi. Sai ta sake bugawa a gabanmu, daga cikin randar, cikin randar ya ƙara mata murya har na ji ta a haƙorana.

Baba ya yi bisimilla ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Mage ce," ya ce. "Ta haihu."

Magen gidanmu ce ta rasa inda za ta haihu duk faɗin Yalwawa sai a kan atamfar Falalu. Duk juyin da ta yi don 'ya'yan su sha nono, sai ta danne hannun ƙararrawar. Baba ya sa hannu a hankali, yana ba ta haƙuri kamar mai jego ta mutane, ya zaro abin ya bar mata atamfar. Ya fito da shi tsakar gida, ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Gwaggo ce ta fara gani. A saman ƙararrawar akwai wani zane da ni ban ma kula da shi ba: sanda a tsaye, an gitta mata wata a sama, ƙasanta ya lanƙwashe gefe biyu. Ga wasu haruffa da ba na boko ba, ba na Larabci ba.

"Innalillahi! Malam, ka ga kuros! Ƙararrawar coci ce. A gidan da ake karatun Alƙur'ani!"

Baba ya ɗaga ta kusa da ƙwan. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sannan ya dube ni, don ni ce mai shiga sito kullum.

"Mu'minatu, ta wace ce?"

Masu karatu, ga wurin. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Na buɗe baki, na hango Gwaggo da muciyarta, na hango fararen kayan da ta ɗinka masa suna narkewa cikin baƙin mai a gaban matan gidan suna uku.

"Wa kuwa ke shige da fice a gidan nan kamar nasu?" in ji Gwaggo. "Ai Dinah ce. Ke, ajiya ta ba ki?"

Dinah 'yar maƙwabtanmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mutanen Filato ne, babanta Malam Silas yana aiki a sakatariya tun kafin a haife mu. Tare muka koyi tafiya ni da ita. Da Sallah Inna ke kai musu tuwo da miyar taushe, da Kirsimeti Maman Dinah ke aiko da kaji da rai don Baba ya yanka da hannunsa kowa ya ci. Dinah ce kaɗai ta san ainihin aikin Falalu. Ita ke tsokanata da "matar mai gwangwan," ita kuma ke cewa, "Ki faɗa musu mana, sata yake yi?"

Na ce, "E. Ajiya ce."

Ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na faɗa, muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Abin ibadar mutane ba a wulaƙanta shi. Amma ba a gidana za a ajiye ba, kuma ba a ɓoye ba. Rabin unguwa sun ji ta yau. Malam Silas ya yi tafiya, in ya dawo ni zan miƙa masa da hannuna. Kada mace ta sa baki a wannan magana." Ya naɗe ta da wani tsohon rawaninsa ya tafi da ita zaure.

Inna ta miƙe. Kallona kawai ta yi, ta kwashe kwanuka.

Washegari Baba ya dawo daga sallar asuba fuskarsa a ɗaure. Na ji yana gaya wa Inna wani ya tambaye shi a bakin masallaci, cikin raha wai, ko an canja wa 'yan makaranta abin kiran darasi ne. Da hantsi Dinah ta zo da rariyar da ta ara. Ina ɗaki na ji muryarta tana sallama da waƙa-waƙa yadda ta saba. Na ji Gwaggo ta tare ta a bakin zaure.

"Kawo nan. Mu'minatu ba ta da lokaci."

"Gwaggo ina kwana? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kowa dai ya riƙa ajiye kayansa a gidansu."

Wayata ta yi ƙara kafin a jima. "Mumi me na yi wa Gwaggo? Wane kaya?"

Na rubuta, "Rabu da ita, kin san halinta." Na haɗa da hoton fuska mai dariya. Na kifa wayar a katifa na shiga wanke-wanken da na riga na yi.

Da yamma saƙon Falalu ya shigo, muryarsa fal murna, ana jin hayaniyar kasuwar Jahun a bayansa. "Albishirinki. Su Kawu Tasi'u za su zo ranar Asabar bayan la'asar, neman izini a wurin Malam. Ni zan kawo su amma a waje zan tsaya, kin san ba a shiga da ango. Yaya amanata? Kina buga ta kuwa? Jiya na ji kunnena yana ƙaiƙayi, na ce Mumi ce ke kira daga sama."

Na rubuta, "Wane zane ne a samanta?"

"Au, ƙugiyar jirgi ce. Wadda ake jefawa ƙasan teku ta kama ƙasa, jirgi ya tsaya wuri ɗaya ko ana iska. Duk kayan jirgi za ki gan ta a jiki, har cokali. Rubutun kuma Oga ya ce na Girka ne. Me ya faru?"

"Ba komai. Kyau ta yi mini."

Ƙugiya. Duk gidanmu, da littattafan Baba da shekarun Gwaggo, ba wanda ya taɓa ganin ƙugiyar jirgi, to ina za mu gan ta a tsakanin duwatsu da dabino? Amsar tana hannuna, a rubuce. In na kai wa Baba wayar, magana ta ƙare. Sai dai wata ta tashi: wa ya ba ki, a ina ya samo, me ya sa kika ce ta Dinah ce?

Na gwada, Allah ya sani. Ranar Alhamis ina taya Inna tankaɗe na ce, "Inna, ƙararrawar nan..."

Ta tsayar da hannunta. Ta jira. Garin yana zuba a hankali ta ƙasan rariya.

"...Baba bai mayar ba har yanzu?"

"Bai mayar ba," ta ce. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ƙara, ba ta dube ni ba, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin Dinah ta shigo da abin da ya fi jakar hannunta ba."

Na yi kamar ban ji ba.

Daren Juma'a Malam Silas ya dawo. Da safiyar Asabar ina shara na ga Baba ya fita da ƙunshin rawani a hammata. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Kowace mace da ke karanta wannan ta san ma'anar kayan saurayi su fita daga gidan budurwa. Ba sai an aika da magana ba. Kuma a ranar da manyansa za su zo. Na tsaya ina kallon bayan Baba har ya sha kwana, ina gaya wa kaina ai Falalu ba zai sani ba, zan karɓo ta wurin Dinah daga baya, zan yi mata bayani, zan durƙusa mata in ta kama. Baba ya dawo ya ce bai samu Malam Silas a farke ba, ya bar wa ƙanen Maman Dinah saƙo ya ajiye masa.

Bayan azahar na yi wanka. Na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, ɗinkin doguwar riga, na ɗaura kallabi na yafa farin mayafi mai duwatsu a baki. Hannuna ba lalle, don Dinah ce ke yi mini. Inna ta turara ɗaki, Gwaggo ta sa leshinta na biki ta zauna a kan kujera 'yar tsugune daf da ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida, wai iska take sha.

Suka iso bayan la'asar a adaidaita sahu. Ta tagar ɗakina na hango Falalu ya tsaya can ƙarƙashin darbejiya, yana gyara hula. Dattawa uku suka shiga zaure da ƙwaryar goro da alawa. Ɗakina yana jingine da zauren, ina jin komai.

Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Jahun. Aka yi addu'a. Kawu Tasi'u, mai babbar murya kamar mai sayar da shanu, ya faɗi abin da ya kawo su. Sai Baba ya yi tambayar da kowane uba ke yi.

"To shi yaron, mece ce sana'arsa? Na ji mata suna cewa kwastan."

Sai dariya ta fashe.

"Kwastan? Falalu?" in ji Kawu Tasi'u. "Allah gafarta Malam, ai mu ba mu da ko mai gadin kwastan a zuriyarmu. Ƙarfe yake kwancewa. Injin jirgin ruwa. Gwangwan dai, amma na teku. Da shi ya rufa wa uwarsa ɗaki da kwano, da shi yake riƙe da ƙannensa."

Na ji kujerar Gwaggo ta yi ƙara. Na runtse ido ina jiran rufin gidan ya faɗo.

"Ƙarfe," in ji Baba a hankali. "Masha Allah. Ai Annabi Dawuda ma da ƙarfe ya ci abinci. Yana sallah?"

"Ko a cikin jirgin."

"To alhamdulillahi."

Shi ke nan. Abin da na ɓoye wata da watanni, na sa mutum ya ɓoye hannuwansa saboda shi, na sayar da ƙawata saboda shi, Baba ya haɗiye shi da numfashi ɗaya kamar ruwan randa. Na zame na zauna a ƙasa, na cusa mayafin a bakina. Da Baba ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin raba goro aka yi sallama da ƙarfi daga waje. Muryar mace.

"Gafaranku dai. Malam, ka yi haƙuri, na san kana da baƙi, amma wannan ba za ta kwana ba."

Maman Dinah ce. Ta ratsa ta gefen dattawan, ta tsaya daidai ƙofar tsakiya, inda na zaure ke jin ta, na tsakar gida ke ganin ta. Na leƙa ta gefen labule. Ko jakar kasuwa ba ta sauke ba. Ƙararrawar na rungume a ƙirjinta, rawanin ya zame. Dinah na bayanta, idanunta sun kumbura. A bayansu kuma, a bakin ƙofar waje, inda bai kamata ya tako ba yau, Falalu ne a tsaye.

"Maman Mumi, fito ki ji," ta ce. Inna ta fito daga kicin. "Shekara nawa muna tare? 'Yarki a bayana ta yi barci ranar da kika kwanta asibiti. Yau na dawo kasuwa an ce Malam ya kawo mana kayan cocinmu da Dinah ta ɓoye a gidanku. Wane coci? Mu cocinmu ko ƙararrawa ba mu da ita, ganga muke bugawa. Yarinyar nan tun Talata take kuka, an kore ta kamar ɓarauniya, ba ta san laifinta ba."

"To kuros ɗin fa?" in ji Gwaggo, amma muryar ba ta kai ta kullum ba.

"Gwaggo, ni a cikin addinin nan aka haife ni. Kuros ba shi da ƙugiya."

Baba ya miƙe tsaye. Na ga inuwarsa a bango. "Maman Dinah, ki yi haƙuri. An ce mana ajiya ce."

"Wa ya ce?"

Inna ta kalli labulena, ta kawar da kai. Dinah ma labulen take kallo. Ba ta ce komai ba, ita da ta san komai, ita da kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke kanta. Ko a nan rufa mini asiri take yi.

Maman Dinah ta gyara riƙon abin, ta juya ta nuna ƙofar waje da haɓa.

"Na fito da ita zan kawo, sai wannan bawan Allah ya taso daga gindin bishiya ya tare ni. Ya ce, Mama, a ina kika samu wannan? Na ce daga gidan Malam aka fitar da ita da safe. Ya ce a'a, ba zai yiwu ba. Ya ce tasa ce, tun daga Legas ya ɗauko ta a cinya, ya ba matar da zai aura, ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode."

Kawu Tasi'u ya mayar da goron da ya ɗauka cikin ƙwarya. Falalu bai shigo ba, bai kuma koma ba. Ba ya kallon kowa sai labulen nan mai zanen furanni da nake tsaye a bayansa, taku uku daga tsakar gida, na damƙe gefensa har yatsuna sun yi sanyi.

Maman Dinah ta dubi Baba, ta dubi Inna, ta dubi Gwaggo, ta ɗaga ƙararrawar sama kaɗan.

"To ni ku taimake ni, hannuna ya gaji. A gidan nan, wace ce matar?"